Jita-jitar Maƙiyi Ɓoyayye Tana Buƙatar Hujja

A watan Fabrairun 1942, wani jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya buɗe wuta kan rijiyoyin mai a Ellwood, a gaɓar Kalifoniya. Ɓarnar ba ta taka kara ta karya ba, amma washegari da dare sojojin Amurka suka yi ta ɓarin wuta a sararin samaniyar Los Angeles, alhali babu jirgin maƙiyi ko ɗaya. Dama ana ta raɗe-raɗin cewa Amurkawa 'yan asalin Japan na yi wa jiragen ishara daga gaɓa. Ba a taɓa tabbatar da hakan ba, amma aka tsare kimanin mutum 120,000 'yan asalin Japan a sansanoni, har da mata da ƙananan yara.

Haɗarin irin wannan jita-jita ya kamata ya dami mahukunta a Abuja. A Disambar 2024, shugaban mulkin sojan Nijar, Janar Abdourahamane Tchiani, ya zargi Najeriya da bai wa Faransa mafaka don dagula Nijar, mai bai wa shugaban Najeriya shawara kan harkokin tsaro, Nuhu Ribadu, kuma ya musanta. A ganina musu kaɗai bai wadatar ba. Za a ce ruwa ba ya tsami banza. Haka ne, harin Ellwood ma ya faru, amma faruwarsa ba ta mayar da ƙazafin ishara gaskiya ba. Masu cewa sirrin tsaro ya hana bayani su tuna cewa mazauna kan iyaka, daga Illela zuwa Jibiya, su ake fara zargi. Gwamnati ta riƙa kai 'yan jarida da sarakuna wuraren da zargin ya shafa, su gane wa idonsu, su faɗa wa jama'a da Hausa.