Sakaci Ne, Ba Tsautsayi Ba

Jama'ar Jekadafari, a yi haƙuri, yau da masu riƙe bindiga nake: 'yan banga, maharba, da masu harbin toka ranar hawan Sallah. Kuna tsaron unguwa muna barci, ba mu manta ba. Amma yadda wasunku ke riƙe makami ya isa a yi magana.

Dubi ɗan banga a bakin layi da dare. Bindiga ɗure, yatsa kan kunama, yana hira yana nuna mutane da bakinta kamar sandar kiwo. Wani ya hau acaɓa ya kwantar da ita a cinya, bakinta na kallon masu tafiya a gefen titi. In babur ya faɗa rami fa? Ranar da ta tashi sai a ce, "Tsautsayi ne, ba a sa masa rana." Haba! Bindiga ba ta da yatsa. Mutum ne ya ɗura ta, mutum ne ya taɓa kunama.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Kowace bindiga ka ɗauke ta a ɗure take, ko kai ka sauke ta da hannunka. Kada bakinta ya kalli abin da ba ka nufin harbi. Yatsa ya zauna a waje sai lokacin harbi. Kafin ka harba, ka san abin da ke bayan abin da ka auna, domin ƙofar langa-langa ba ta tare harsashi. In bindigar toka ta ƙi tashi, kada ka leƙa bakinta. Albarushi yakan ci wuta a hankali ya tashi daga baya.

Masu harbi sama a biki, wai murna, harsashin nan ina kuke zaton zai je? Ƙasa zai dawo, kuma unguwar nan gida jikin gida ne. Masu cewa sun sha maganin bindiga, to yaron da ke wucewa da farantin talla me ya sha?

Dokar makamai ta 1959 ta hana a ba da lasisi ga wanda bai kai shekara 17 ba, da mai taɓin hankali, da mai raunin gani, da mashayi. Addini ma ya riga ta: Manzon Allah (SAW) ya hana nuna ɗan'uwa da makami, ya kuma umarci mai wucewa da kibau ta kasuwa ko masallaci ya kama tsininsu. In kibiya ke nan, ina ga harsashi?

Saboda haka masu unguwanni da shugabannin 'yan banga, kada ku jira sai an kwashi wani zuwa Asibitin Ƙwararru. Duk wanda aka gani yatsa kan kunama yana hira, a karɓe bindigar a ba shi gora da tocila. In ya koyi riƙo, a mayar masa.