Waƙoƙin Kirsimeti a Ƙasar Wudil: Reshen Adabin Hausa da Aka Yi wa Riƙon Sakainar Kashi

Duk wanda aka tambaya abin da ya sani game da Wudil zai ambaci kogi da gadarsa, da kasuwar shanu ta ranar Juma'a, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha wadda ta fara aiki a 2001, da Kwalejin 'Yan Sanda. Da wuya ya ambaci waƙa. Amma kuwa idan watan Disamba ya kama, hunturu ya sauko, an gama kai amfanin gona rumbu, akan ji muryoyi suna tashi da yamma daga majami'un garin da na ƙauyukan yankin. Ƙungiyoyin mawaƙa ne, waɗanda jama'a suke kira kwaya, suke bitar waƙoƙin bikin Kirsimeti, kuma da yawa daga cikinsu da Hausa ake rera su. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa waƙoƙin nan adabin Hausa ne, kuma haƙƙi ne a kan sassan nazarin Hausa su tattara su, su nazarce su.

Da farko dai, abin ba baƙo ba ne a wannan yanki. Tun cikin shekarun 1930 mishan ta SIM ta buɗe tasha a Garko, maƙwabciyar Wudil, kuma a 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Daga wannan aiki na SIM ne Ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. Ke nan an haura shekara 80 ana ibada da waƙa cikin Hausa a wannan sashe na ƙasar Kano. Abin da ya kai wannan daɗewa ya wuce a kira shi yayi.

Idan aka saurara da kyau, za a tarar waƙoƙin sun kasu gida biyu. Kashi na farko su ne fassararru, wato waɗanda aka ɗauko daga Turai da Amurka aka sa musu kalmomin Hausa, aka bar su da karinsu na asali. Su ne akasari a cikin Littafin Waƙoƙi, kuma akan rera su da muryoyi huɗu, biyu na mata, biyu na maza. Kashi na biyu su ne na gida, irin waɗanda Zumuntar Mata ta shahara da su, inda jagora takan bayar, 'yan amshi su karɓa, ana kaɗa ganga da tulu da caki. Wannan tsari na bayarwa da karɓa shi ne dai na waƙar daɓe da ta gaɗa, sai dai jigo ya sauya.

A kashi na farko akwai babban darasi ga ɗalibin harshe. Sanin kowa ne Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma ma'aunin waƙarta ya dogara ne a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi, kamar yadda Farfesa M.K.M. Galadanci da wasu masana suka bayyana. Shi kuwa karin waƙar Turai, an ɗinka shi ne a jikin harsunan da ba su san da wannan ba. To, yaya ake ƙarewa idan an haɗa su? Alal misali, idan kari ya tilasta a ja gaɓar farko ta kalmar "gari", sai garin da aka haifi Almasihu ya koma garin tuwo a kunnen Bahaushe. Haka nan idan kari ya hau inda ya kamata murya ta sauka, sai "wuya" ta wahala ta zama wuyan jiki. Yadda masu fassara da shugabannin kwaya suke kauce wa irin wannan tuntuɓe, da wuraren da suka kasa kaucewa, ya isa a rubuta kundin digiri a kansa.

Wani zai ce ai Hausar majami'a ba Hausa ce tsantsa ba, ta 'yan koyo ce. Wannan magana tana da rauni ta fuska biyu. Ta farko, a ƙasar Kano, musamman wajen Sumaila da Rano, akwai Hausawa Kirista waɗanda ba su da wani harshe sai Hausa, kuma da yawansu jikokin Maguzawa ne, masu riƙe da tsofaffin kalmomi da karin waƙa waɗanda birni ya manta. Ta biyu, ko da mai rerawa ɗan Filato ne ko ɗan Adamawa da karatu ko aiki ya kawo shi Wudil, Hausar da ta haɗa shi da ɗan'uwansa mai wani harshe ita ce shaidar bunƙasar da masana suke alfahari da ita. Ba a yabon kogi a ƙi rassansa.

Wani kuma zai ce yawancin malamai da ɗaliban Hausa Musulmi ne, saboda haka ba huruminsu ba ne. Amsa ita ce nazari daban, ibada daban. An yi nazarce-nazarce a kan waƙoƙin bori, ba a ce manazartan sun hau iska ba. Mervyn Hiskett, Baturen Ingila, ya wallafa littafinsa kan tarihin rubutattun waƙoƙin Musulunci na Hausa a 1975, kuma har yau ɗalibai suna cin moriyarsa. Idan baƙo ya tsallako teku don waƙoƙin wa'azi, bai kamata tafiyar kimanin kilomita 40 daga Kano ta gagari ɗan gida ba.

Abin tsoro shi ne lokaci. Waƙoƙin gida akasari a ka suke, ba a takarda ba, kuma matan da suka ƙaga su suna tsufa. Matasa kuwa sun karkata ga kayan kiɗa na lantarki da waƙoƙin Turanci da suke saukewa a waya. Duk tsohuwar da ta rasu ba a naɗi muryarta ba, rumbu guda ne ya ƙone.

Saboda haka ya kamata sassan Hausa, tare da cibiyar nazarin harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero, su riƙa tura ɗalibai Wudil da kewayenta a lokacin bitar Disamba. Su nemi izinin shugabannin majami'u cikin ladabi, su naɗi waƙoƙin, su rubuta matani tare da alamun karin sauti, su adana sunan wanda ya ƙaga kowace waƙa, sannan su mayar wa masu abin da kofe. Su ma 'yan kwaya za su amfana, domin za su gane inda kari yake karya ma'ana, su kuma sami ƙarfin gwiwar ƙaga sababbi a kan ma'aunin harshensu. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma Disamba ba ta jiran kowa.