A Ba Mu Dredd Na Biyu, Total Recall Kuwa A Bar Shi Ya Huta

Idan kana cikin masu bin finafinan Amurka, ko da Turancinsu ko da fassarar Hausa da ake turawa a waya, ka san Hollywood ta daɗe tana tono tsofaffin finafinan kimiyya da faɗa tana sake haɗa su da sababbin jarumai. Da sabon ya fita kuma sai a fara tambayar da muka saba da ita a gida: yaushe za a saki na biyu? Matsayar wannan fili ita ce yawancinsu ba su cancanci na biyun ba. Abin haushin kuma, wanda ya fi kowanne cancanta shi aka hana.

Ɗauki Total Recall. Na asali ya fito a 1990, Paul Verhoeven ya ba da umarni, jarumin kuma Arnold Schwarzenegger, wanda yayyenmu har gobe Kwamando suke ce masa. Labarin wani lebura ne da ya je kamfanin da ke dasa wa mutum tunanin ƙarya a ƙwaƙwalwa, sai ga shi a duniyar Mars, inda wani azzalumi ya riƙe iskar shaƙa yana juya talakawa da ita. Har fim ɗin ya ƙare ba ka da tabbacin gaske ne ko mafarki. A 2012 Len Wiseman ya sake shi da Colin Farrell. Aka cire Mars ɗungurungum, aka kawo wani makeken lif mai ratsa cikin ƙasa daga Birtaniya zuwa Ostireliya. Hoto ya yi kyau, ba ƙarya, ga gudu ga harbi. To amma bayan mako guda da kallo, me ka riƙe? An kashe wajen dala miliyan 125, ya dawo da wajen miliyan 200, kuma ka tuna gidajen sinima na riƙe kusan rabin kuɗin tikiti, ban da na talla. Ba a yi na biyu ba, kuma da wuya ka sami mai kewarsa.

Ga ma'aunin da ya kamata ka riƙa amfani da shi. Bayan an kashe fim, akwai abin da ya rage kana son sani, wanda tsohon bai riga ya faɗa maka ba? Planet of the Apes ya isa misali, don sau biyu aka taɓa shi. Tim Burton ya sake na 1968 a shekarar 2001, ya kawo fiye da dala miliyan 350, duk da haka kamfanin bai ci gaba da shi ba, saboda babu inda labarin ya dosa. A 2011 wasu suka dawo ta wata ƙofar. Suka koma farkon lamarin, suka ba da labarin ta idon biri, Caesar, wanda maganin gwaji na cutar mantuwa ya buɗe wa basira. Tambayar ta zama sabuwa: wanda aka zalunta, in mulki ya zo hannunsa, me zai yi da shi? Ita ta ɗauki fim na 2014 da na 2017, har aka kai ga na 2024.

Yanzu zo mu duba Dredd, wanda ya fito shekara ɗaya da sabon Total Recall. Masu bin diddigi za su ce ai ba fim ɗin Sylvester Stallone na 1995 aka maimaita ba, littafin zane na Ingila aka koma, kuma suna da gaskiya. Sai dai masu sayen tikiti ba su bambance ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake, kuma na Stallone ya sari mutane da yawa. Dredd ya tashi da ɗan abin da ya haura dala miliyan 40 a duk duniya, kusan daidai da abin da aka kashe masa. Sai da ya fita a faifai sannan jama'a suka farga, aka yi ta sa hannu a takardun roƙo ana neman na biyu.

Me ya sa suka nace? Fim ɗin yini ɗaya kacal ya nuna maka, a cikin bene ɗaya mai hawa 200, a birnin da ke da mutum miliyan 800. A can ɗan sanda shi ne alƙali, shi ne kuma mai zartar da hukunci nan take a bakin titi. Karl Urban bai cire hular kwanonsa ba ko sau ɗaya, haɓarsa kawai kake gani, kuma ka yarda da shi. Tare da shi akwai Anderson, sabuwar shiga da ake gwadawa, wadda ta saki wani yaron bos saboda ta gane tilasta masa aka yi. A ƙa'idar Dredd ta faɗi jarrabawa, domin har bindigarta an ƙwace. Amma da aka tambaye shi, sai ya ce ta ci. Wannan 'yar tsagar da ta bayyana a jikin mutumin da bai san komai ba sai doka, ita ce kashi na biyu. Me zai faru ran da ya gane dokar kanta ce ke da laifi? An ma nuna mana alƙalai huɗu da aka saya da kuɗi. Duk matashin da ya taɓa tsayawa a shingen bincike gabansa na faɗuwa ya san wannan tambaya ta wuce wasan kwaikwayo.

Za ka ce mai kuɗi ba sadaka ya fito yi ba, kuma haka ne. Ba wanda zai zuba miliyoyi inda ya taɓa ƙonewa don kawai 'yan intanet sun yi surutu. Ko Dune na Denis Villeneuve, da aka rubuta masa "kashi na ɗaya" ƙarara a 2021, sai da aka ga yadda ya karɓu kafin a amince da na biyu. Amma lissafin ɗan kasuwa nasa ne. Kai mai kallo da ka ba da datarka da awa biyu na rayuwarka, ba dole ba ne ka ari bakinsa ka ci masa albasa.

RoboCop na 2014 ne mai wuyar sha'ani. José Padilha ya shigo da abin da babu a na 1987: an buɗe fim da mutum-mutumin yaƙi na Amurka suna sintiri a titunan Tehran, alhali doka ta hana amfani da su a cikin Amurkar, shi ya sa kamfanin ke neman ɗan sandan da zai cusa a cikin inji don ya saye zuciyar jama'a. A zamanin jirage marasa matuƙa, wannan magana ce mai nauyi. Sai aka rage masa zafi don yara su iya shiga sinima, aka zubar da baƙar dariyar da ta sa na Verhoeven ya yi suna, rabin ƙarshe ya koma harbe-harbe kawai. Ya kawo wajen dala miliyan 240, ba a ci gaba ba. Tun 2022 kamfanin MGM mai RoboCop ya koma hannun Amazon. In za su taɓa shi, su koma kan mintunan farkon nan na Tehran su gina daga can. In kuwa baƙin sulken da babur ɗin kawai za su dawo mana da su, gara su bar shi a inda yake.