Kogin Ngadda Namu Ne Mu Ma

'Yan uwana Hausawan Maiduguri.

Akwai maganar da nake yawan ji a Hausari da Tashar Baga: "Ai mu baƙi ne, kasuwa ta kawo mu." To jama'a, wanda ya haifi 'ya'ya da jikoki a gari, yana shan ruwan Alau, yana cin ribar bandar Baga, ai ya wuce baƙo.

Ku dubi Ngadda daga Gwange zuwa Gamboru. Da rani mun mayar da shi juji, leda da shara ko'ina. Ranar 10 ga Satumban 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga Gwange da Kasuwar Monday har fadar Shehu, irin wanda ba a gani ba tun 1994. Bai tsaya tambayar wane ne Bahaushe wane ne Babarbare ba. Gyaran madatsa aikin gwamnati ne, na yarda. Amma sharar da ta toshe hanyar ruwa, wa ya zuba ta?

Wasu sun riga mu gane wannan. A Hawai, can tsibiran Amurka, akwai tsohon tafkin kiwon kifi mai suna He'eia wanda kakanninsu suka kewaye da katangar dutse. Ambaliyar 1965 ta fasa katangar, ta zauna haka shekara 50. A 2015 mutanen wurin suka fito gayya suka toshe ɓarakar da hannunsu.

Mu ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. A Argungu akan hana su a Matan Fada sai lokacin biki, Sarkin Ruwa na sa ido, shi ya sa ake samun manyan giwan ruwa.

Shawarata biyu ce. Ta farko, kafin kowace damina matasanmu su je wurin Bulama da Lawan, mu haɗu da Barebari da Shuwa mu yi gayyar kwashe sharar kogi. Ta biyu, iyayenmu 'yan kasuwar kifi su daina sayen ƙananan kifin da aka kama da raga mai ƙananan ido. Mahaifina mai sayar da banda ne, na san ba ƙaramar asara ba ce. Amma in mai saye ya ƙi, masunci zai canja raga, kifi ya samu ya girma ya yi ƙwai.

Wanda ke cin arzikin ruwa, haƙƙin ruwa na kansa. Allah Ya sa mu dace.