Karatu a waje: Me ya sa ɗaliban Kano suka rage yawon buɗe ido, kuma me ake asara?

A unguwannin cikin birnin Kano irin su Yakasai da Mandawari da Gwammaja, da wuya a rasa gidan da ke da ɗa ko 'ya da ke karatu a Masar ko Indiya ko Nijar. Hotunan da suke turowa gida ta WhatsApp, wani a gaban dalar Giza wani a Taj Mahal, sukan raba kan iyaye. Wasu na ganin ɓarnar kuɗi ce, wasu kuma na cewa ai tafiya mabuɗin ilimi ce.

Muhawarar ta ƙara zafi tun bayan faɗuwar darajar naira, domin tafiyar yini guda zuwa garin da ke kusa ita ce abu na farko da ɗalibi ke sokewa idan aljihu ya yi sanyi.

Yadda aka zo nan

Fita neman ilimi tsohuwar al'ada ce a Kano, tun zamanin da almajirai ke bin ayarin fatake da na mahajjata zuwa gabas. A wannan zamanin gwamnati ta shigo ciki sosai. Gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta 2011 zuwa 2015 ta tura ɗalibai masu yawa waje, inda ta fara da rukunin nan na mutum 501. Gwamna Abba Kabir Yusuf ya farfaɗo da shirin a 2023 da ɗalibai 1,001 masu neman digiri na biyu a Indiya da Uganda.

Sai dai a watan Yunin 2023 Babban Bankin Najeriya ya saki naira kasuwa ta yi mata farashi. Dalar da ake saya a kusan naira 460 a hukumance ta haura 1,500 a farkon 2024. Uban da ke zuwa Wapa canjin kuɗin da zai aika wa ɗansa ya koma biyan fiye da ninki biyu.

Masu tallafin gwamnatin tarayya ma ba su tsira ba. A 2024 an rage alawus ɗin ɗaliban shirin BEA, da ke karatu a ƙasashe irin su Maroko da Aljeriya da Rasha, daga dala 500 a wata zuwa 220. A 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da daina ɗaukar sababbin ɗalibai a shirin.

Nawa tafiyar ke ci?

Yawancin irin wannan tafiya ba ta masu hali ba ce. Ɗalibai kan yi karo-karo, su dafa abinci tun dare, su hau jirgin ƙasa ko bas da asuba, su dawo a ranar don kauce wa kuɗin otal.

Ɗalibin da ke Alƙahira zai iya zuwa Iskandariyya, tazarar kimanin kilomita 220, ya dawo a yini ɗaya, kuma katin ɗalibi na rage masa rabin kuɗin shiga wuraren tarihi a Masar. Wanda ke Jami'ar Sharda a Greater Noida, kusa da Delhi, yana da babbar hanyar Yamuna mai kilomita 165 da ke kai shi Agra. A can ne lissafi ke canzawa, domin kuɗin da baƙo ke biya kafin ya shiga Taj Mahal ya ninka na ɗan ƙasa fiye da sau 20.

Abin da ɗan cikin birni ke gani

Ga wanda ya tashi a cikin ganuwa, waɗannan tafiye-tafiye sun wuce ɗaukar hoto, domin yana ganin irin abin da ya baro a gida ne a hannun waɗanda suka riƙe shi da kyau.

Jami'ar Mewar, wadda ɗaliban Kano da dama suka yi karatu a cikinta, tana kusa da Chittorgarh a jihar Rajasthan, garin da ke da katafaren sansani mai ganuwa da ƙofofi bakwai. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2013. A Alƙahira, ƙofofin Bab Zuwaila da Bab al-Futuh da aka gina a ƙarni na 11 na nan tsaye, mutane na biyan kuɗi su hau Bab Zuwaila. A Fas ta Maroko, tsofaffin majemu sun zama wurin da baƙi ke tururuwa, ana sayar musu da jaka da takalmi a nan take.

Kano na da kwatankwacin kowane ɗaya. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwa wajen ƙarshen ƙarni na 11 zuwa farkon na 12. Ga marinar Ƙofar Mata, ga Kasuwar Kurmi, ga Gidan Makama da Dutsen Dala. Fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko, da yawanta daga ƙasar Hausa fatake ke kai ta. Amma tun 2007 ganuwar Kano ke cikin jerin jiran UNESCO, yayin da ruwan sama da masu ɗiban ƙasa da masu gine-gine ke cinye badala sannu a hankali.

Injiniya ko mai tsara birane da ya ga yadda ake gyara tsohon gini, da yadda ake sayar da tikiti, da yadda ake hana gini a jikin katanga, ya dawo da abin da babu shi a takardar digiri. Gani ya kori ji.

Tsoron iyaye na da tushe

Duk da haka, ba kuɗi kaɗai ke sa iyaye ɗari-ɗari ba. Lokacin da yaƙi ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilun 2023, ɗaliban Najeriya da aka kwaso daga Khartum sun shafe kwanaki a iyakar Masar kafin a dawo da su gida. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar, an rufe iyaka har zuwa Maris ɗin 2024, abin da ya wahalar da masu karatu a Maraɗi, waɗanda a da ke zuwa Katsina ko Kano cikin 'yan sa'o'i.

Darasin shi ne ɗalibi ya riƙe fasfo da takardar izinin zama a duk inda za shi, ya sanar da makaranta, ya yi tafiya cikin rukuni, kuma kada ya taɓa kuɗin makaranta ko na haya.

Ina mafita?

Gwamnatin da ke kashe biliyoyi wajen tura ɗalibai za ta iya haɗa tallafin da ziyarar karatu ɗaya ko biyu a shekara, ta kuma nemi kowane rukuni ya rubuto rahoton abin da Kano za ta iya kwaikwaya. Ƙungiyoyin ɗalibai na iya ɗaukar hayar bas ɗaya don rage tsada.

Akwai kuma abin da ba ya buƙatar dala ko kaɗan. Kafin ɗalibi ya hau jirgi a filin Malam Aminu Kano, zai iya hawa Dala, ya shiga Gidan Makama, ya zagaya abin da ya rage na ganuwa daga Ƙofar Na'isa zuwa Ƙofar Gadon Ƙaya. Wanda bai san ƙofofin garinsu ba, ko ya tsaya a gaban Bab Zuwaila, hoto kawai zai ɗauko.