Gashaka-Gumti: Arzikin da Muke Sarewa da Hannunmu

Na taka tsaunukan Gashaka da ƙafata, na sauko da ɓacin rai, kuma har yau zuciyata ba ta huce ba.

Shiga kowace majalisa a Kano ko Kaduna ka tambayi inda dutsen da ya fi kowanne tsayi a Nijeriya yake. Da ƙyar ka sami wanda zai ce maka Chappal Waddi ne, mai tsayin mita 2,419, can kan iyakarmu da Kamaru. Amma ambaci Dubai ka ji yadda za a lissafa maka kantunanta. Gandun dajin Gashaka-Gumti da dutsen yake ciki, wanda ya ratsa Taraba da Adamawa, aka kuma kafa shi a 1991, shi ne mafi girma a ƙasar nan, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000. Turawa sun shafe shekaru suna zuwa Kwano, cikin gandun, don nazarin birin nan mai kama da ɗan Adam, cimfanzi, mu masu gida kuwa ko labarinsa ba mu da shi.

Daga garin Serti muka shiga gandun. Da asuba hazo ya lulluɓe kwari, sanyi na ratsa ƙashi, birai masu baƙi da fari suna tsalle a ƙololuwar itatuwan da ba ka iya hango ƙarshensu. Mun ga sawun ɓauna a bakin rafi, ruwan garau har kana ƙirga tsakuwar ƙasansa. Na tsaya na yi tasbihi.

A hanyar dawowa ne na ga manyan motoci maƙare da gungumen itace, kuma nan raina ya ɓaci. Madobiya, wadda 'yan katako ke kira madrid, an yi shekaru ana kwashe ta daga dazuzzukan Taraba zuwa ƙasar Sin, har sai da aka dakatar da cinikinta daga Nijeriya a 2018. Da ta ƙare a wajen gandun, ina kuke tsammani masu injin yanka suka nufa? Motocin nan ba tashi sama suke yi ba. Kan titi suke bi, da rana tsaka, shinge bayan shinge. Wani ne ke ɗaga musu hannu.

Ga masu haƙar ma'adinai, ga mafarauta, ga masu cinna wa daji wuta don sabuwar ciyawa ta fito. Ma'aikatan gandun da ke tare su kuwa, an kashe wasunsu a bakin aiki. Wa ya yi musu ta'aziyya? Wane ɗan majalisa ya miƙe ya ɗaga murya?

Kada wani ya ce mini wannan damuwar masu ƙoshi ce. Rafukan da ke gangarowa daga tsaunukan nan su ke ciyar da kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai. Itatuwan ne ke riƙe ruwan damina su sake shi a hankali har rani. Ka sare su, masunci da mai noman rani da makiyayi su za su fara ɗanɗana kuɗarsu. Kowa ya ƙona rumbunsa ya san inda toka ke kuɗi.

Gwamnatocin Taraba da Adamawa da ta tarayya, ku tare motocin nan, ku kama masu ɗaure musu gindi, ku ba ma'aikatan gandun kayan aiki. Kai kuma mai karatu, idan rani ya shigo hanya ta bushe, ɗauki 'ya'yanka ka kai su Serti su gani da idonsu.