KAFIN A KIRA GAYYAR HAƘA TAFKI

Kiwon kifi a bayan gida ba baƙon abu ba ne a Kurmi. Daga Ikorodu zuwa Ijebu-Ode, daga Badun zuwa Fatakwal, akwai gidaje da dama da aka gina ɗan tafki ana kiwon tarwaɗa, wani ma har da lambun alayyafo da kuɓewa a gefe yana shan ruwan da aka sauya wa kifin. 'Yan Arewa mazauna waɗannan wurare sun gani sun yi sha'awa, har wasunsu sun soma gayyato 'yan'uwa da abokai a zo a taya su haƙa nasu. Wannan abin a yaba ne. Amma akwai maganganun da ya kamata a gama su tun kafin a sari ƙasa da diga, ga shi kuwa su ne aka fi bari sai aiki ya ɓaci.

Babu mai musun cewa gayya ita ce hanyar da ta dace, gama hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutanen da suka shahara wajen haƙa wa wasu rijiya da salga da harsashin gini a biranen Kudu, ai ba za su gagara haƙa wa ɗan'uwansu rami a yini guda ba. Kuɗin lebura sai ya koma na siminti, kana mutanen da ba su haɗuwa sai a masallacin Jumma'a ko wurin jana'iza su sami dalilin zama tare.

Sai dai gayyar Ikko ba gayyar gida ba ce. A gida kowa manomi ne, yau a yi gonar wannan, gobe ta wancan, mai gayya ya dama fura, ya tuƙa tuwo, ya raba goro, magana ta ƙare. A nan kuwa wanda ya amsa kira, ko mai shayi ne da ya rufe teburinsa, ko ɗan garuwa da ya jingine kurarsa, ko maigadi da ya kwana ido biyu ya zo ya kama shebur. Kowannensu ya bar abincin yininsa ne ya zo. Saboda haka wannan gayya bashi ce, ko da ba wanda ya buɗe baki ya faɗi. Kamata ya yi mai tafki ya faɗi tun da fari abin da zai rama da shi, ko dai a yi abin zagaye kamar adashi, ko kuwa a ware wa masu taimako rabonsu a kamun farko. In ba haka ba, ranar da aka ga motar mai saye ta tsaya a ƙofar gida, ranar ce za a soma ƙunƙuni.

Sa'an nan gayya tana da ƙarfi amma ba ta da ma'auni. Tafki mai tsawon ƙafa 12, faɗin ƙafa 8, zurfin ƙafa 4, yana cin ruwa fiye da duro 50, nauyinsa kuwa ya kusa tan 11. Bangon da aka jera da ƙaramin bulo mai rami, ana hira ana barkwanci, ba zai iya riƙe wannan nauyi ba, kuma in zai fashe ba ya sallama. Lalle ne a sami magini guda wanda ya taɓa irin aikin, a ba shi wuƙa da nama, ko da biyansa za a yi. Shi zai san ya sa bulo mai inci 9 a cike shi da kankare, ya karkatar da daɓen zuwa bakin bututu, ya kuma ɗaga bango sama da ƙasa, domin ruwan da ake yi a Ikko a shekara ya kusa ninka na Kano, kuma ambaliyar watan Yuni da Yuli ba ta tambayar kifin wane ne kafin ta kwashe. Shi ne kuma zai hana gaggawar zuba 'ya'yan kifi, gama sabon siminti yana kashe su. Sai an jiƙa tafkin, an zubar, an sake jiƙawa har ƙarfin simintin ya fita.

Duk wanda ya tashi a cikin birnin Kano ko Zariya ya san kududdufi, watau ramin da aka ɗebi ƙasar gini aka bar wa damina, ya kuma san abin da yakan jawo na tsargiya da sauro da yaran da akan tsamo. Tafkin bayan gida in aka yi sakaci ƙaramin kududdufi ne, har ma ya fi haɗari, don yana nan inda yara ke rarrafe. Yaro mai tatata ba ya bukatar ruwa mai zurfi kafin ya halaka, ba ya kuma samun damar yin kuka. A gidan haya mai ɗakuna goma, inda uwa ke girki tana goyo tana kuma duban wasu biyu, shinge da ƙofa mai sakata ba ado ba ne. Kada a sallami 'yan gayya sai sun kafa shi, kada kuma ɗigon ruwa ya shiga tafkin kafin nan. Game da sauro, muddin akwai kifi a ciki za su cinye 'ya'yansa. Tafkin da aka gaji da shi aka bari da guntun ruwan sama shi ne abin tsoro, domin cikin kwana goma ƙwan sauro ya zama mai cizo.

Babbar magana dai ita ce ta maƙwabta. Tarwaɗa kifi ce mai jimiri, tana iya shaƙar iska kai tsaye, shi ya sa akan tara ta da yawa a ƙaramin wuri. Amma saboda wannan cunkoso tilas a riƙa sauya mata ruwa a kai a kai, ruwan kuwa yana da ƙarni. Lambu zai sha kaɗan ya yi kyau, saura fa? Ina za shi? Idan lambatun unguwa a toshe yake, kamar yadda ya saba, ƙofar wani zai kwanta. Wannan wanin kuma mai yiwuwa ɗan gari ne, wanda ba zai ce tafkin Malam wane ya dame shi ba, cewa zai yi Hausawa sun dame shi. Mazauna Badun ba su manta da abin da ya faru a kasuwar Shasha a watan Fabrairu na 2021 ba, inda ƙaramar gardama ta zama asarar rayuka da dukiya. Baƙo ba shi da damar yin kuskuren da ɗan gida zai yi a yi dariya a wuce. Don haka kafin a aika wa abokai, a fara zuwa wurin mai gidan haya a sami yardarsa a rubuce, a zaga maƙwabta na dama da na hagu a nuna musu inda ruwa zai bi, in ma da hali a gayyace su gayyar. Mutumin da ya ɗauki kwanon kankare da hannunsa, da wuya ya kai ƙarar tafkin wurin hukuma. Sarakunan Hausawa na unguwanni su ma suna da abin yi a nan, don gara su ji labarin tafki tun yana shawara da su ji shi ya zama shari'a.

Har ila yau a sani cewa 'yan gayya yini guda za su yi su watse, ciyarwa kuwa kullum ce, wata biyar ko shida kafin kifin ya kai kilo guda, kuma abincin nan shi ke cin fiye da rabin kuɗin kiwon. Wanda ba shi da abin da zai kai shi ƙarshen wannan lokaci, ya rage yawan 'ya'yan kifin da zai saya. Ɗan haya kuwa, wanda za a iya ba shi takardar tashi a kowane lokaci, bai kamata ya binne simintinsa a filin wani ba. Akwai tafkin tampol da ake ɗaurawa a kan katako ko bututun ƙarfe, mutum huɗu sun isa su kafa shi kafin azahar, kuma ranar ƙaura a naɗe shi a ɗora a mota tare da sauran kaya.